Kuskuren da Ba Ya Ihu: Ɗan Koyo da Manhajar Lissafin Bashi

(Kiɗan buɗe shiri)

 Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa a filinmu na kimiyya da sana'a. Ina miƙa gaisuwa ga mutanen Ƙafin Maiyaki da Kiru da Yako da Kwanar Ɗangora, da na Bebeji da Tiga, da na Tudun Wadar Ɗankadai, har can Doguwa da Riruwai. Wanda yake gona, Allah ya sa albarka a yabanya. Wanda yake kasuwa, Allah ya kawo ciniki.

Yau zancen bashi za mu yi. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, saboda haka kada wani ya kashe rediyo ya ce ba da shi ake ba. Sai dai ba wa'azi zan yi a kan ci ko biya ba. Lissafinsa za mu duba, kuma ta hannun ɗan koyon rubuta manhaja, abin da samarinmu ke kira kodin.

Kun dai lura yanzu babu garin da za ka shiga a wannan yanki ba ka samu yaro ko yarinya da ke koyon wannan sana'a ba. Wasu a Jami'ar Bayero suke, wasu a ta Wudil, wasu sun shiga shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 da nufin horar da mutum miliyan 3, wasu kuwa ba su da malami sai YouTube da wayar hannu. Akwai manhaja mai suna Pydroid 3 da ke ba mutum damar rubuta yaren Python a wayar Android, ko da bai taɓa mallakar kwamfuta ba. Shi wannan yare na Python, wani ɗan ƙasar Holan mai suna Guido van Rossum ne ya fitar da shi a 1991, kuma da shi yawancin 'yan koyo ke farawa. Daga cikin ayyukan farko da ake ba su akwai wannan: rubuta manhajar da za a faɗa mata yawan bashi da yawan watanni, ita kuma ta faɗi abin da za a riƙa biya duk wata.

To bari mu ƙaddara wani saurayi a Ƙafin Maiyaki. Kawunsa shi ne ma'ajin wata ƙungiyar manoma, duk lissafin ƙungiya a littafi mai bango yake yinsa da biro. Yaro ya ce, "Kawu, bari in hutar da kai, zan haɗa maka abin da zai yi wannan lissafi a waya." Kawu ya ce, "To ɗana, Allah ya taimaka." Yaro ya kwafo ƙa'idar lissafin daga intanet, ya rubuta layi goma sha wani abu, ya danna. Sai allo ya cika da jan rubutu na Turanci.

A nan ne da yawa ke karaya, su ce abin ba na ƙwaƙwalwarsu ba ne. Ƙanena, saurara. Wannan jan rubutu shi ne mafi sauƙin abin da zai same ka a wannan aiki, domin kwamfuta ce da kanta take nuna maka inda ta tsaya. Abin da ya rage maka shi ne ka karanta, kuma a Python daga ƙasa ake fara karantawa. Layin ƙarshe shi ke faɗin irin laifin, na samansa kuma su ba ka lambar layin da abin ya faru. Mutane sukan ga tsawon saƙon su firgita, alhali jimla ɗaya ce a cikinsa ke da amfani.

Irin waɗannan kurakurai ba za mu daɗe a kansu ba. Ka buɗe baka ba ka rufe ba. Ka manta ɗigo biyu a ƙarshen layin sharaɗi. Ka bar tazara uku a farkon wannan layi, huɗu a na gaba, alhali Python tana ƙirga tazarar farkon layi. Idan tsohuwar Python kake amfani da ita, wadda ta girmi ta 3.10 da ta fito a 2021, ta nuna maka layi na 8 ka duba ba ka ga komai ba, to koma na 7, galibi a can bakan da ba a rufe ba yake. Mai rubutu a waya kuma yana da tasa matsalar daban: madannan waya suna son mayar da harafin farko babba, su rubuta maka Print da babban baƙi, Python kuwa ba ta san wannan ba, ƙaramin baƙi kawai ta sani. Ga kuma wani da ya shafe mu mu Hausawa. Python ta yarda ka sa wa ma'ajin lamba, wato gurbin da manhaja ke ajiye lamba a ciki, suna da haruffanmu masu ƙugiya. To idan a sama ka rubuta kuɗi da ɗ mai ƙugiya, a ƙasa ka rubuta kudi ba ƙugiya, a wajenta sunaye biyu ne da ba su haɗa komai ba, sai ta ce maka ba ta san na biyun ba. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa.

Yaronmu ya gyara waɗannan. Ya sake dannawa, manhaja ta tambaye shi yawan bashi, ya rubuta 120000. Sai wani jan rubutun ya sake fitowa. Dalili kuwa shi ne, duk abin da mutum ya shigar ta madannai, Python a matsayin rubutu take karɓarsa, ba lamba ba, ko da kuwa lambobi ne zalla. Idan ka ce ta ninka shi da 0.02 za ta ƙi. Abin dariya kuma, idan ka ce ta ninka shi da 12 ba za ta ƙi ba, sai ta jero maka 120000 sau 12 a manne da juna, wata doguwar lamba da ta fi ƙarfin kasafin kuɗin duniya. Maganinsa shi ne ka umarce ta ta mayar da rubutun lamba kafin ta taɓa shi. Kuma ka tuna Kawu zai rubuta 120,000 da waƙafi a tsakiya, don haka ya saba a littafinsa, wannan waƙafin kuwa zai tsayar da manhajar. Ba laifin Kawu ba ne. Kai ne za ka sa ta share waƙafi kafin ta fara lissafi.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, yanzu za mu shiga inda nake so mu zauna sosai. Jan rubutu ya ƙare. Yaro ya shigar da Naira 120,000, watanni 12, kuɗin ruwa kashi 24 cikin 100 a shekara. Ya danna, amsa ta fito tsaf, babu ƙorafi: za a riƙa biyan Naira 240,000 duk wata.

Bashin dubu ɗari da ashirin, a biya ninkinsa kowane wata! Wannan ko yaron goye ya san akwai gyara. Abin da ya faru, ya raba 24 gida 12 ya samu 2, amma ya manta cewa 2 ɗin nan kashi 2 cikin 100 ne, wato 0.02. Ita kuwa kwamfuta ta ɗauka ninki biyu ake nufi. Da ya gyara wannan amma ya manta rabawa gida 12, da amsar da zai samu wajen Naira 31,158 ce, domin ya ɗora ruwan shekara guda a kan kowane wata. To kun ga wannan ta biyun ta fi haɗari, domin ta fara kama da gaskiya. Wanda bai saba ba zai iya kallonta ya ce ai haka bashin banki yake da tsada.

Abin da nake so ku riƙe daga shirin yau ke nan. Manhajar da ta yi aiki ba tare da ƙorafi ba, ba ta ce maka amsarta daidai ba ce. Abin da kawai ta ce shi ne ta fahimci umarninka ta bi. Kuma a lissafin bashi, kuskuren da ya wuce shiru ba a allo yake tsayawa ba. Buhun masarar wani ne zai tafi a kai, ko kuma asusun ƙungiya ya yi giɓi a zo ana kallon ma'aji da wani ido.

To yaya ɗan koyo zai gane? A kasuwar hatsi idan ana shakkar mudun mutum, ba rantsuwa ake sa shi ba, mudun da kowa ya yarda da shi ake kawowa a gwada. Kai ma dole ka samu amsar da ka tabbatar da ita tun kafin ka tambayi manhajarka. Ajiye waya, ɗauko takarda da biro. Bashi 120,000. Kashi 2 cikin 100 nasa 2,400 ne, wannan shi ne ruwan watan farko. Idan ka raba uwar kuɗin gida 12 za ka samu 10,000. Ke nan ko me za a yi, biyan wata ba zai gaza 10,000 ba, ba zai kuma wuce 12,400 ba. Ka ga cikin minti ɗaya ka kafa iyaka ta ƙasa da ta sama. Duk amsar da ta faɗo waje da wannan shinge, ƙarya ce, ko wace kwamfuta ce ta faɗe ta.

Amsar gaskiya a wannan ƙa'ida ita ce Naira 11,347 da kwabo 15. Wanda ke da Excel ko Google Sheets yana iya tabbatarwa, akwai umarni a ciki mai suna PMT da aka yi shi don wannan lissafi. Ka ba shi 0.02 da 12 da yawan bashin, ka kwatanta da taka.

Amma samun wannan lamba bai isa ba. Ka sa manhajar ta buga maka jadawali, wata bayan wata, ka bi shi da ido. Watan farko: an biya 11,347.15, a ciki 2,400 ruwa ne, 8,947.15 ne ya rage uwar kuɗi, saura 111,052.85. Wata na biyu ruwan ya sauko zuwa 2,221.06 tunda bashin ya ragu. Haka zai yi ta sauka. A wata na 12 tilas saura ya zama sifili, ko ya kusa da shi da 'yan kwabbai. Yaronmu ya buga nasa jadawalin, sai ya ga a ƙasa an bar Naira 11,124 da 'yan kai ba a biya ba. Ya ƙirga layukan: 11 ne. A Python idan ka ce ta zagaya daga 1 zuwa 12, a kan 11 take tsayawa, ba ta taka lambar ƙarshe. Sai ka ce mata 13 sannan ta kai 12. Wannan tuntuɓe har ƙwararru yana kayarwa, kuma ba ya fito da jan rubutu ko ɗaya. Da bai buga jadawali ba, da bai gani ba.

Ina ba kowane ɗan koyo shawara ya saba da wannan ɗabi'a ta bugawa. Inda duk kake shakka, sa layi guda da zai nuna maka abin da ke cikin ma'ajin lamba a daidai wannan gaɓa. Kada ka zauna kana zato. Kuma idan za ka gyara, abu ɗaya za ka taɓa, ka gwada, sannan ka taɓa na gaba. Mai canza wuri biyar a lokaci guda, ko abin ya gyaru bai san me ya gyara shi ba, gobe kuma zai sake faɗawa.

(Ɗan gajeren kiɗa)

To yaro ya kammala, ya tafi wajen Kawu da murna bayan sallar la'asar. Kawu ya sa tabarau, ya buɗe littafi, ya ce, "Gwada mini dubu ɗari da ashirin, wata goma sha biyu, biyu bisa ɗari."

"Dubu goma sha ɗaya da ɗari uku da arba'in da bakwai, Kawu."

"A'a ɗana, wayarka ta yi ƙarya. Dubu goma sha biyu da ɗari huɗu ne."

"Wallahi Kawu na gwada da Excel, daidai yake."

"Ni ban san wani Excel ba. Takardar da mai ba da rancen ya ba mu ga ta nan."

Jama'a, wa ya yi kuskure a cikinsu? Babu. Tambaya biyu daban suke amsawa. Ƙa'idar da yaro ya kwafo tana ɗora ruwa ne a kan abin da ya rage na bashin, ana biya ruwa yana raguwa. A takardar Kawu kuwa, ruwan a kan ainihin 120,000 ake ɗora shi kowane wata har ƙarshe, ko da saura dubu goma ake bin ka. A hanyar farko jimlar abin da za a biya wajen Naira 136,166 ce. A ta biyu 148,800. Bambanci ya haura Naira 12,600, kuma dukkansu "biyu bisa ɗari" ake kiransu. Idan aka auna hanya ta biyu da ma'aunin ta farko, ruwanta ya kusa kashi 42 cikin 100 a shekara, ba 24 ba.

Wannan ba 'yan kodin kaɗai ya shafa ba. Duk wanda zai sa hannu a takardar rance, ko a ƙaramin banki ko a manhajojin nan na waya masu ba da bashi nan take, ya yi tambaya ɗaya: a kan me ake ɗora kason, kuma jimla nawa zan biya daga farko zuwa ƙarshe? Kada ka yarda a tsaya maka a kan "biyar bisa ɗari ne kawai". Biyar a wata, a kan ainihin kuɗin, sittin ke nan a shekara. Ba banza ba hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ta far wa wasu kamfanonin bashin waya a Legas a 2022. A ganina wannan shi ne babban amfanin da yaron da ya iya rubuta irin wannan manhaja zai yi wa garinsu: ya nuna wa mutum jimla ƙiri-ƙiri kafin ya dangwala yatsa.

Na san tun ɗazu wani dattijo yana ta gyaran murya a gindin rediyo, yana cewa wannan mai shiri sai ruwa, ruwa yake ta ambata, ya manta da hukuncin riba? Ban manta ba, Baba. Hukunci na malamai ne, kuma a bayyane yake. Na bi ta wannan hanya ne saboda ita ce ƙa'idar da ɗan koyo zai fara cin karo da ita a intanet, kuma wanda zai guje wa abu gara ya san kamanninsa. Yawancin mutanenmu ma bashin da suke ba juna ba shi da ruwa ko kaɗan. To ku ji abin da zai faru.

Kawu ya ce, "Bar wannan. Mu a tsakaninmu 'yan ƙungiya ba ma ɗora komai. Sa sifili." Yaro ya sa sifili a gurbin ruwa, ya danna. Manhaja ta faɗi warwas, jan rubutu ya dawo. Dalili, a cikin waccan ƙa'ida akwai inda ake rabawa, kuma idan ruwa sifili ne, abin da ake rabawa da shi ma sifili yake komawa. Raba lamba gida sifili kuwa ba shi da amsa a ilimin lissafi, Python ba za ta yi ba. Ka duba fa: bashin da ya fi kowane sauƙi, wanda ɗan firamare zai raba a ka ya ce dubu goma-goma ne, shi ne ya kayar da manhajar. Wanda ya rubuta darasin da yaro ya kwafo ƙa'idar daga ciki, a can ƙasarsu, bai kawo a ransa akwai mai ba da rance don Allah ba. Gyaran layi biyu ne: ka sa sharaɗi tun a sama, idan ruwa sifili ne, a raba uwar kuɗi da yawan watanni kawai.

Haka nan idan cinikin murabaha ne, irin wanda bankunan da ba sa mu'amala da ruwa ke yi, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, waccan doguwar ƙa'ida ba ta da wurin zama. A murabaha mai kuɗi ne ke sayen kayan, a ce injin ban ruwa na Naira 120,000, ya sayar maka a kan farashin da kuka yi yarjejeniya, a ce 138,000, ka biya cikin wata 6. Dubu ashirin da uku-uku ke nan, kuma farashin ya tsaya a nan, ba ya hayayyafa. Lissafin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, amma sai ɗan koyo ya san da wane irin ciniki yake aiki kafin ya rubuta layin farko.

Akwai kuma abin da darussan intanet ba sa kawowa sam. Duk an gina su a kan ma'aikaci mai ɗaukar albashi a ƙarshen wata. Manomin masara a Doguwa ko na shinkafa a Tudun Wada ba haka kuɗi ke zuwar masa ba. Yana karɓar taki da iri da faɗuwar damina, ba zai ga kuɗi ba sai kaka. Mai noman rani da ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, nasa lokacin daban ne. Ko shirin Anchor Borrowers da Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamba na 2015, a kan girbi aka tsara biyansa, har ma da amfanin gona aka riƙa biya. Saboda haka idan manhajarka ba ta san wani abu ba sai biyan wata-wata, ba ta da kuskure a rubuce, amma ba ta da amfani ga rabin mutanen da ka yi ta dominsu. Ka je ka zauna da ma'aji ka ga yadda littafinsa yake, ka tambaye shi yaushe mutane ke biya, sau nawa, me ake yi idan wani ya kawo rabi. Wannan zaman yana cikin aikin, kuma shi ya kamata ya riga rubutu.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Saura magana ɗaya, ta kwabo. Na san za a yi dariya, a ce wa ya ga kwabo a kasuwa yanzu? Ku dai saurara. Ɗan koyo, buɗe Python ka rubuta 0.1 a tara da 0.2. Ba za ta ce maka 0.3 ba. Za ta ce 0.30000000000000004. Ba lalacewa wayarka ta yi ba. Kwamfuta da sifili da ɗaya take ajiye lambobi, kuma kashi ɗaya cikin goma ba ya zama cif a wannan tsari, kamar yadda ɗaya bisa uku ba ya ƙarewa idan ka rubuta shi da ɗigo. Saboda haka idan ka ce wa manhaja ta ci gaba da zagaye har sai saura ya zama sifili cif, tana iya wuce sifilin da ɗan burbushi ta yi ta tafiya ba tsayawa.

Kada a raina burbushin nan. A watan Janairu na 1982, kasuwar hannun jari ta birnin Bankuba a ƙasar Kanada ta buɗe wani ma'aunin farashin hannun jari da ya fara daga 1000. Kwamfutarsu tana sake lissafa shi sau dubbai a rana, kuma kowane karo sai ta datse abin da ya wuce lamba uku bayan ɗigo, maimakon ta kai shi ga lamba mafi kusa. Babu wanda ya ga jan rubutu. Zuwa Nuwamba 1983 ma'aunin ya zube zuwa 524.811, alhali da aka sake lissafi daidai, 1098.892 ya kamata ya nuna. Fiye da rabi ya zurare ta wannan 'yar kafa cikin wata 22, a hannun ƙwararru masu albashi.

Kai da ke lissafin kuɗin mutane, hanya mafi tsafta ita ce ka mayar da komai kwabo ka yi aiki da cikakkun lambobi, ko ka yi amfani da sashen decimal da Python ta tanada don irin wannan. Sannan ka yanke shawara a kan ragowa. Naira 100,000 a raba wata 3, kowane wata 33,333, jimla 99,999. Naira ɗaya ta maƙale. Abin da masu aikin ke yi shi ne a bar biyan ƙarshe ya kwashe duk abin da ya rage, wato 33,334. Sai ka sa manhajar ta tara dukkan biyan da kanta ta kwatanta da ainihin bashin, idan ba su zo ɗaya ba ta yi maka magana. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ta yi magana a kan adalcin marubucin. Wanda ya rubuta manhajar da ƙungiya za ta dogara da ita, a kujerar wannan marubuci ya zauna, ko ya sani ko bai sani ba.

Idan kuma ka yi iya yinka abin ya ƙi, nemi taimako, amma ka iya nema. Sau da yawa a zaurukan WhatsApp na 'yan koyo sai ka ga an turo hoton allo a karkace, da haske ya dallare rabinsa, a ƙasa an rubuta "ba ya yi, a taimaka". Wa zai taimake ka da wannan? Kwafo rubutun manhajar gaba ɗaya, kwafo saƙon kuskuren kamar yadda yake, ka faɗi lambobin da ka shigar, da amsar da ka samu, da wadda kake sa ran samu. Sau tari kafin ka gama rubuta wannan bayani ka gano matsalar da kanka. Masu tambayar ChatGPT da 'yan'uwanta kuma, ban hana ku ba, suna da amfani wajen fassara saƙon kuskure. Amma su ma sukan miƙo amsa a tsare, cikin natsuwa, kuma ba daidai ba. Duk abin da suka ba ka, ka bi da shi ta kan takardarka da bironka, ka gwada shi da sifili, ka gwada shi da wata ɗaya tak, ka gwada shi da waƙafi irin na Kawu.

Lokaci ya yi mana halinsa, ga aikin gida. Ƙungiya ta sayar wa ɗan'uwa injin casar shinkafa a kan Naira 250,000, zai biya cikin wata 7, babu ruwa, kuma ba a son kwabo a cikin lissafin. Nawa zai riƙa biya a watanni shidan farko, nawa ne biyan ƙarshe? Ku fara yi a takarda, sannan ku rubuta manhajar da za ta fitar da jadawalin watanni bakwai ɗin cif. Iyaye kuma, idan kun ga yaro ya duƙufa a kan waya yana wannan aiki, ku miƙa masa littafin adashi ko na shago ya gwada da lambobin gaske a gabanku. Za mu kawo amsa a farkon shiri na gaba, idan Allah ya kai mu. 

(Kiɗan rufe shiri)